An rage mini zane a wajen bugawa: laifina ne ko na mai shago?

Auwal_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma gaskiya raina a ɓace yake. Sati 3 na yi ina zanen wani gida mai ɗaki 4 da falo 2 a AutoCAD, manhajar zanen gine-gine, sikel 1:100, wato mita 1 a gini santimita 1 ce a takarda, takarda 14 har da na injiniya. Jiya na kai fayil ɗin DWG, wato ainihin fayil ɗin AutoCAD, a filashi wani shagon buga manyan takardu, na ce a fitar mini a takarda mai girman A1. Na biya, aka naɗe mini, na tafi. Sai da na isa gida na shimfiɗa a kan tabarma na ga ɓarnar. Katangar gaba mita 10 ce, ya kamata rula ta ba ni milimita 100, sai ta ba ni 92. Layin bango da layin awo da layin tayil duk sun fito kauri ɗaya, ba ka gane bango sai ka ƙura ido. Rubutu ma ya canza kama, inda na rubuta Ƙofar Ruwa alamar tambaya ce ta maye gurbin Ƙ. Na koma shagon, yaron shagon ya ce abin da na kawo shi ya buga. Jibi zan miƙa wa mai gida. Don Allah laifin wa ne, kuma me zan gyara?

Nura_Revit:
Wa alaikumus salam. Malam Auwal, tun daga DWG ɗin matsalar ta fara. Ba a kai wa mai bugawa DWG. PDF ake kaiwa.

MaiFilota_Fagge:
Malam Auwal, ni sana'ata ke nan, shekara da shekaru ina gaban filota, injin buga manyan takardu, bari in faɗa maka abin da ya faru kamar ina wurin. Fayil ɗin DWG ba ya tafiya shi kaɗai. Kaurin layinka yana cikin wani ƙaramin fayil mai suna CTB da ke kwamfutarka, shi ke cewa ja ya fito siriri, shuɗi ya fito da kauri, da sauransu. Da yaron ya buɗe zanenka a tasu kwamfutar, babu wannan CTB ɗin, sai kowane layi ya koma kaurin da AutoCAD ke ba shi idan ba a ce komai ba, wato milimita 0.25. Rubutu ma haka. Idan kwamfuta ta nemi nau'in harafin da ka yi amfani da shi ba ta samu ba, sai ta ɗauko wani nau'in harafi mai suna simplex ta saka, shi kuwa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Yaron bai yi maka ƙarya ba. Abin da ya gani a allonsa shi ya buga.

Auwal_Zane:
Oga MaiFilota na gode, na gane batun layi da rubutu. To ragin fa? Wannan ai ba CTB ba ne.

Inj_Hadiza:
Auwal, ka ce 92 ka samu? Ka buɗe Page Setup na Layout ɗinka, wato shafin da ka tsara zanen a kai don bugawa, ka faɗa mana sunan takardar da ke ciki. Ina zargin wani abu.

Auwal_Zane:
Injiniya na duba. An rubuta ARCH D. Wani tsohon samfurin takarda ne da na sauko da shi daga intanet tun ina makaranta, ni duk zatona A1 ne.

Inj_Hadiza:
To ga ta nan. ARCH D takardar Amurka ce, inci 24 da 36, wato milimita 610 da 914. A1 kuwa 594 da 841 ce. Ka raba 841 da 914, za ka samu 0.92. Mita 10 ɗinka da ta koma milimita 92 ke nan. Ka ce A1, zanenka ya fi A1 tsawo da milimita 73, yaron ya danna Fit to paper domin komai ya shiga, sai zanen ya tsuke. Sikel ɗin da ke kan takardarka yanzu kusan 1:109 ne, kuma babu rular da ke da wannan. Abin da ya fi damuna da irin wannan ragin shi ne ba ya nuna kansa. Da rabi aka rage, kowa zai gani. Amma kashi 8 cikin 100 ido ba ya kamawa, ga kuma 1:100 a rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasan zanen.

Kwangila_Kaduna:
Ni fa ban yarda a wanke mai shago tas ba. Ya ga zane bai shiga takarda ba. Me zai hana ya ɗaga kai ya ce Malam, naka ya fi A1 girma, in rage ko in sa a babbar takarda? Magana ce ta daƙiƙa 10. Wanda ya karɓi kuɗin takarda 14 ya kamata ya iya wannan tambayar.

MaiFilota_Fagge:
Yallaɓai Kwangila, maganarka gaskiya ce, ni ma da a shagona ne da na tambaya. Amma ka zo ka zauna da mu ranar Litinin da safe ka gani. Ɗalibai 6 a tsaye kowa na cewa ƙarfe 12 ake rufe karɓa, ga mai fosta, ga mai katin biki, janareta na shan mai. Yawancin yaran da ake ajiyewa a shaguna CorelDRAW suka koya, manhajar fosta da kati, ba su taɓa riƙe rular sikel ba. A wurinsu zane hoto ne, in ya cika takarda ya yi kyau, shi ke nan. Shi ya sa nake roƙon masu zane kullum, ku kawo mana abin da ba sai mun yanke shawara a kansa ba.

Ummi_Poly:
Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla, ni HND 1 nake. Idan na yi PDF shi ke nan ba za a iya rage shi ba?

Nura_Revit:
Ana iya ragewa mana, ƙanwata. Abin da PDF ke riƙe miki shi ne kaurin layi da rubutu da girman shafi. Amma a wajen bugawa akwai Fit akwai Actual size, in mai shago ya bar shi a Fit zai ɗan tsuke shi saboda gefen da filota ba ta iya sa tawada. Ki ce masa Actual size, wato ainihin girman shafin, ki tsaya ki ga ya danna. Ga yadda nake yi. Zane a Model, wato filin zane na AutoCAD, da girmansa na gaskiya, bangon mita 4 ya zama 4000 in da milimita kike aiki. Sai ki koma Layout, ki zaɓi ISO A1, ki buɗe tagar kallo da ke nuna zanen a kan shafin, ki sa ta a 1:100, ki kulle ta nan take. Kullewar nan kada ki raina ta, juya tayar linzami sau ɗaya a cikin tagar ya isa ya ɓata sikel ba ki sani ba. A wajen fitarwa kuma Layout za ki zaɓa, sikel 1:1, ba Extents ba, mai tattaro duk abin da ke cikin zanen, ba Window ba, mai ɗaukar yankin da aka zagaye. In PDF ya fito, ki buɗe shi a Adobe Reader ki danna Ctrl da D, za ki ga girman shafi. In kin ga 594 da 841, ko inci 23.39 da 33.11, to kin tsira. A nan ne kuma za ki ga ko haruffanki sun shiga cikin fayil ɗin.

Ummi_Poly:
Allah ya saka da alheri Yaya Nura. Na kwafe.

BabaSafiyo:
Yara, ku ba ni dama in ɗan koma baya. Lokacin da muka koyi aikin nan babu kwamfuta a ofis. Allon zane ne, da takarda mai shara-shara, da alƙaluman Rotring, kowanne da launin wuyansa: 0.25 fari, 0.35 rawaya, 0.5 ruwan ƙasa, 0.7 shuɗi. In ka yi kuskure da reza za ka kankare. Bugawa kuma da injin amoniya, warinsa har hawaye yake sa mutum. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, waɗannan lambobin ba haka kawai aka zaɓe su ba. Kowane alƙalami ya fi na ƙasa da shi da kusan ninki 1.4, kuma haka takardun A suke, A1 ta fi A2 da wannan ninkin a kowane gefe. Saboda haka in aka rage A1 zuwa A2, layin 0.5 zai koma 0.35, na 0.35 ya koma 0.25, zane bai rasa tsarinsa ba. Hannu ne ke koya maka wannan, domin sai ka ajiye alƙalami ka ɗauki wani kafin ka ja bango. Yanzu allo baƙi ne, layuka ja da kore da rawaya, duk siraru, mutum ya yi wata yana zane bai taɓa tunanin yadda zai kasance a farar takarda ba. Auwal ɗana, bangon da aka yanka ka ba shi 0.5 ko 0.7, ƙofa da taga 0.35, awo da rubutu 0.25, tayil da cike-cike 0.18 ko 0.13. Kuma ka daina kallon allo kaɗai, ka riƙa buɗe Preview.

Inj_Hadiza:
Baba ya gama magana. In ƙara a kan rawayar nan: a baƙin allo tana haske kamar fitila, a farar takarda kusan ba a ganinta. Na taɓa karɓar zanen dekin da aka zana rodi da rawaya, aka buga ba tare da monochrome.ctb ba, wato CTB ɗin da ke mayar da kowane launi baƙi. Rodin sama da ke kan ginshiƙai ya fito toka-toka kamar inuwa. Mai ɗaurin rodi yana gaya mini bai ga komai a wurin ba, kuma da na karɓi takardar a rana ni ma da ƙyar na gani. Allah ya sa ba a zuba kankare ba tukuna.

Oga_Birkila:
Ni tambayata daban ce. Ku masu zane kuna ta magana a kan rula. Mu a fili ba ma auna takarda, lambar da aka rubuta muke bi. In an rubuta 3600, tef zan ja 3600. To mene ne abin tashin hankali in an rage?

Kwangila_Kaduna:
Oga, kai ke nan da ka san aiki. Ranar da aka manta ba a rubuta awon wani lungu ba fa, kamar tsakanin taga da kusurwa? Na ga foman da idona ya ɗora tef a kan takarda ya ce santimita 1 mita 1. A zanen Auwal, kowace mita 1 za ta ragu da santimita 8. A ɗakin mita 4 an ci santimita 32, ya fi kaurin bulo mai inci 9.

Oga_Birkila:
Haka ne kuma, ana yi. Amma ni in awo ya ɓace waya nake bugawa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙananan lambobi. A kawo maka A3, lamba kamar ƙwayar gero, ga rana, ga ƙurar siminti, ka kasa bambance 3 da 8. Wannan shi ke rusa bango, ba rula ba.

Nura_Revit:
Oga Birkila ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Yawanci a A1 aka tsara zanen, rubutu milimita 2.5, sai mai gida ya ce A1 ta yi tsada a fili, a rage zuwa A3. A3 rabin A1 ce a kowane gefe, rubutun ya koma 1.25. Sikel kuma 1:100 ya koma 1:200, wannan da sauƙi tunda rula na da shi. A2 ce mugunta, 1:100 zai koma 1:141. Ni in na san zane zai je fili a A3, tun farko nake sa rubutu 3.5, ko in tsara wani Layout na A3 daban. Kuma kowace takarda ina sa mata sandar sikel da aka zana, mai alamar 0, 1, 2, 5. In an rage takarda ita ma za ta ragu tare da zanen, ba ta ƙarya kamar rubutaccen 1:100.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu ma nan Zinder takardun A ɗin nan ne, matsalar ma iri ɗaya. Abin da zan ƙara, ku tambayi mai shago faɗin naɗin takardar da ke kan injinsa kafin ku tafi. Mai inci 24 faɗinsa milimita 610 ne, A1 tana shiga, saura milimita 8 kowane gefe. A0 kuwa 841 da 1189 ce, ba ta shiga sai a mai inci 36, wato 914. Wani mai shago ba zai ce maka ba ya iya A0 ba, karɓa zai yi ya rage maka. Kuma kada ku ja layin iyakar zane a bakin takarda, ku bar aƙalla milimita 10, gefen hagu 20 saboda ɗauri.

MaiFilota_Fagge:
Ɗan Damagaram ka yi daidai. In da yaron ya san aiki, ARCH D ɗin Auwal ma da ya fito cif a naɗin inci 36, ba tare da an rage komai ba. Sai dai ba zai shiga jakar A1 ba, kuma naɗe shi zuwa girman A4 zai ba da wahala.

Sadiq_Lantarki:
Ni ban yarda da cewa kullum PDF ba. Ranar da ka isa shago ka ga ka manta kwanan wata ko lambar takarda fa? In da DWG a hannunka, nan take za ka gyara. Akwai eTransmit ai, yana tattaro zane da xref, wato sauran zane-zanen da aka jona masa, da CTB da haruffa ya zuba a jaka ɗaya. Don wannan aka yi shi.

Nura_Revit:
Sadiq, eTransmit na abokin aiki ne, injiniya zuwa injiniya. Mai shago ba zai zauna yana kwafe CTB ɗinka zuwa inda ya dace ba. Ga kuma batun zamani: tsarin DWG na 2018 ba ya buɗuwa a AutoCAD 2017 ko wanda ya girme shi, shaguna da yawa kuwa tsoho suke da shi. Sannan ka tuna DWG guminka ne gaba ɗaya. Ka bar shi a kwamfutar shago, gobe wani ya kwafa ya canza suna.

Sadiq_Lantarki:
Wannan na ƙarshen ya shige ni, ban musa ba. Amma ni dai ina tafiya da kwamfutata, in gyara in sake fitar da PDF a wurin.

Ummi_Poly:
Ni abin da ya taɓa faruwa da ni, duk awon da na sa a zanen bene na bai fito a takarda ba, alhali yana nan a allo. Har yau ban san dalili ba.

Inj_Hadiza:
Ummi, ki duba ko a kan shimfiɗar zane mai suna Defpoints kika sa su. Duk abin da ke wannan shimfiɗar ana ganinsa a allo amma ba ya fita a bugu. Ko kuma an kashe alamar firinta da ke gefen sunan shimfiɗar.

Ummi_Poly:
Innalillahi, Defpoints ne Anti. Yanzu na buɗe tsohon fayil ɗin na gani.

BabaSafiyo:
Tunda an zo nan, in ja kunnen masu haɗa zanensu da na safiyo. Mu da mita muke aiki, ku da milimita. In ka ɗauko taswirar fili ka jefa cikin zanenka ba ka ninka ta 1000 ba, filin zai zama ɗan ɗigo. Kuma lambobinmu manya ne, na UTM, tsarin taswira da ya raba duniya shiyya-shiyya, Kano tana shiyya ta 32, saboda haka filin yana can nesa ƙwarai da inda kuka saba farawa. Mai shago ya danna Extents, sai takarda ta fito fara fat da ɗigo biyu, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan. Ya ce fayil ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kwangila_Kaduna:
A yi maganar WhatsApp ma. A turo maka zane a matsayin hoto, ya matse shi, ka kai a buga a A1, lambobi su narke.

MaiFilota_Fagge:
Kullum sai na yi wannan faɗan. A tura a matsayin Document, PDF ɗin kansa, ba hoton allo ba. Layin PDF da ya fito daga AutoCAD lissafi ne, ko ka ja shi ya kai bango ba ya fashewa. Hoto kuwa ɗige-ɗige ne. A1 a ɗigo 150 kowane inci tana buƙatar ɗigo wajen 3500 da 4960, hoton allon waya bai kai ko kusa ba. Masu sa hoton gida mai launi a takardar farko, ku lura da wannan. Sannan ku rage baƙin cike mai yawa. A takarda mai giram 80 tawada na jiƙa ta, ta yi kumburi, musamman da damina, in ka naɗe da wuri ta shafa a bayan ta gaba. Ga shi yana sa injin jan ƙafa, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuwa daga farko za a sake.

Shugaban_Zaure:
Jama'a mun yi nisa. Auwal jibi zai miƙa aiki. Auwal, ina aka kwana?

Auwal_Zane:
Shugaba na gode, na gode wa kowa. Daren jiya ban yi barci sosai ba. Na sake Layout 14 ɗin a ISO A1, na ɗan matso da jadawalin ƙofofi domin zanen ya shiga ba tare da na taɓa sikel ba, na kulle tagogin, na bi kaurin da Baba ya faɗa, na mayar da rubutu Arial, Ƙ ta fito. Na sa sandar sikel kamar yadda Nura ya ce. Da safe na koma shagon da rulata a aljihu, na ce a buga takarda 1 tak tukuna, Actual size. Na ɗora rula a kan teburinsu, katangar gaba 100 cif. Sannan na ce a saki sauran. Mai shagon da kansa ya fito, ya ce zai yafe mini rabin kuɗin bugu na biyu. Na karɓa, amma har yanzu zuciyata na cewa da yaron ya tambaye ni tun farko da ba a kai nan ba.

Kwangila_Kaduna:
Rabin da ya yafe ai amsa laifi ne. Ni a wurina duka ya kamata ya ɗauka.

MaiFilota_Fagge:
A'a Yallaɓai, kyautatawa ce. An ce masa A1, ya ba da A1. Takarda da tawada 14 ba kyauta ya samo su ba.

Inj_Hadiza:
Auwal, tsofaffin 14 ɗin nan kada ka bar su a mota ko a ofis. Ka yage su ko ka ja musu babban layi da jan biro. In ɗaya ta ɓulla a fili, babu mai bambance ta da sabuwar.

Auwal_Zane:
Wallahi suna bayan mota, Injiniya. Yanzu zan sauka in ɗauko.

Oga_Birkila:
Kuma wanda za ka kawo mana fili, a ƙara girman lambobin.

Ummi_Poly:
Yaya Auwal, wajen naɗewa fa? Malaminmu ya ce sai an naɗe zuwa A4, akwatin da ke ɗauke da sunan zane yana sama ana ganinsa. Ni kullum nawa a ciki yake ɓuya. Akwai wanda zai nuna mini daga wane gefe ake farawa?